Kwana Goman Kulu Mai Karnuka

Kulu ba 'yar ƙasar Kusada ba ce. Daga ƙasar Faransa ta fito, wani ƙauye gabas da Maraɗi, ita da mijinta Dauda maharbi, a shekarar da fara ta cinye gero. Ba yunwa kaɗai ta koro su ba. An sa Dauda cikin waɗanda za a kwasa aikin tilas na hanya, shi kuwa ya ga yadda yayansa ya dawo daga aikin nan, sai ya naɗe tabarma ya ce mata su tafi. Suka ƙetaro iyaka suka yi ta gangarowa kudu, har suka tsaya a wata 'yar unguwa kusa da Kaikai, inda mai unguwa Ɗanmaliki ya ba su fili a bakin gari. Da sharaɗi ya ba su, kuma a gaban jama'a ya faɗa: duk baƙon da ya jawo wa unguwa maganar hukuma, ƙafarsa ƙafar ɗan doka har iyaka. Damina biyu Dauda ya yi ya rasu. Kulu ta zauna, don ba ta da wurin zuwa. Labari ya iso mata cewa an kama ƙanin Dauda a madadinsa, kuma sarkin yankinsu bai manta da gidan da ya gudu ba. Duk wanda ya koma, a kansa za a huce.

Sabulun salo take yi. Ta ƙona karan gero ta tace tokar, ta dafa ruwan da man gyaɗa har ya kama, ta dunƙule ta kai kasuwar Kusada, wani lokaci har Kankiya idan ta sami abokiyar tafiya. Sabulunta ba ya cin hannu, shi ya sa mata ke rububinsa. Da a nan ta tsaya da ba wanda zai tuna da ita yau. Amma Kulu 'yar maharbi ce kuma matar maharbi, cikin karnuka ta buɗe ido, kuma akwai abu ɗaya da ba ta iya gani ta wuce, wato kare mai ƙazuwa.

Wanda bai taɓa ganin karen da ƙazuwa ta ci ba, ba zai gane ba. Gashi ya zube, fata ta yi kauri ta tsattsage, kunnuwa sun yi ɓawo, ga wari ga ƙuda, yana tafe yana tsayawa yana susa har jini. Irinsu ne ke raɓe bayan rumfar mahauta, kowa ya zo wucewa ya sunkuya ya ɗauki hoge. Kulu kuwa sai ta ajiye ƙanzo ta ja da baya. Gobe ta ajiye kusa kaɗan. Ba ta taɓa kai hannu sai karen ya biyo ta gida da ƙafarsa, ko da za a yi wata guda ana haka.

In ya shigo gida aiki ya tashi. Ta ɗumama ruwa, ta saɓe shi da sabulunta, ta dirje ɓawon da totuwar masara a hankali tana yi masa magana kamar mai lallashin jinjiri. Ta bar shi ya bushe a rana. Sannan ta kwaɓa man kaɗe da farar wuta, wannan garin mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da take saye wurin 'yan koli a Kankiya, ta shafe shi tun daga kunne har wutsiya. Kafin wanka takan ɗaure masa baki da kaba don kada ya lashe magani. Duk bayan kwana uku haka, har sai ta ga gashi ya fara tsirowa. Kowane kare da kaskonsa, kuma ba ta haɗa kaskon kare da kwanukanta ko a wurin wanki. In ya warke, ya ga dama ya zauna, ya ga dama ya kama gabansa.

Mutane dai ka san su. Wanda bai taɓa ba kare ko ƙashi ba shi ne ya fi kowa sanin yadda ya kamata a yi da shi. Aka ce mayya ce, aka ce taɓin hankali ne, aka ce haka mutanen Faransa suke. Mata su sayi sabulun su koma gida suna cewa Allah ya sa ba da shi aka wanke kare ba. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yi mata dariya ba, Inno, wata Bafillatana mai tallan nono, wadda kan juye mata ragowar ƙwarya ta karɓi sabulu. Ita Inno ta san darajar kare, don karnuka ne ke hana kura maruƙansu.

A haka aka yi shekara tara. Sai ga shekarar da Turawa ke yaƙi a junansu, iyaka ta yi zafi, duk wanda ya fito ƙasar Faransa ana kallonsa da ido biyu. Cikin bazarar shekarar wani mahaukacin kare ya ciji wani mai jakai a kan hanyar Kano zuwa Katsina, dab da Kankiya. Mutumin ya yi wata guda lafiya ƙalau, sannan ya fara tsoron ruwa, ya mutu a ɗaure. Ranar kasuwar Kusada mai shela ya buga ganga: duk karen da ba shi da mai shi a kashe shi, wanda kuma aka samu yana ɓoye mahaukacin kare zai gamu da hukuma, ga malamin dabbobi nan tafe ƙauye-ƙauye. Kulu tana zaune bayan faifan sabulunta ta ji.

Karnuka uku ne a gidanta a lokacin. Biyu sun warke, washegari da sassafe ta ja su zuwa rugar su Inno, Fulani suka karɓa suka zama nasu. Saura ɗaya, wata karya mai yankakkiyar wutsiya da take kira Guntuwa. Sati uku ke nan da ta biyo ta daga bayan mahauta, ba gashi a jikinta sai 'yan tsiraru a wuya, haƙarƙari duk a waje. Ba wanda zai karɓe ta a haka. Kulu ta ce bari ta ƙara mata wanka biyu ko uku, gashi ya ɗan fito, sai ta san inda za ta kai ta.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Kabar ɗaure baki ta ƙare, Kulu ta ce yau ɗaya dai ba komai, kuma wannan kuskuren ta yi ta tuna shi har ƙarshen ranta. Ta saɓe Guntuwa da sabulu, ta juya ɗaukar totuwa, karyar ta lashi dunƙulen sabulun har ta gutsira. Ya ƙone mata baki. Ta zabura ta fizge, ta bi ta ƙarƙashin danga ta fita a guje. Sai ga ta tsakiyar unguwa, tsirara ba gashi, idanu jawur, kumfa na dalala daga bakinta tana karkaɗa kai. Kwana huɗu kacal da yin shela.

A bakin rijiya ta yi karo da mata. Aka yi ihu, aka zubar da tuluna. Sa'a, matar Babba ƙanin mai unguwa, tana goye da ɗiyarta 'yar wata biyar, ta juya za ta gudu ta taka karyar. Guntuwa ta kai mata haƙori a agara, ta wuce. Ba wani babban ciwo ba ne, huda biyu ne da ɗan jini. Amma Sa'a ta dubi ƙafarta, ta dubi kumfar da ta maƙale a bakin zaninta, sai ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Kafin Kulu ta gama ɗaura zani, Guntuwa ta dawo ta shige ƙarƙashin rumbu tana rawar jiki, maza kuma sun cika ƙofar gida da sanduna. Babba ne a gaba. Tsoro ne ya koma masa fushi.

"Ki hiddo ta! Ki hiddo ta mu kashe, a ƙone gashin a shafa ma Sa'a tun dahi bai hau ba!"

Haka ake yi a wurin, in kare ya ciji mutum a ƙone gashinsa a sa a ciwon. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa wannan karyar ko gashin da za a ƙona ba ta da shi.

Kulu ta tsaya a bakin danga. "Ba ta da hauka. Sabulu ta ci."

"Sabulu! Ku ji mini baƙuwa. Mun ga kumfa da idonmu!"

Kulu ta juya. Ta koma ta ɗauko ragowar sabulun, ta gutsiri gefen da ba a taɓa ba a gabansu, ta tauna. Hawaye suka zubo mata don zafi, kumfa ta taru ta gangaro mata haɓa. Ta buɗe baki da ƙyar ta ce, "To, ga kumfa. Ku fara da ni."

Aka yi cirko-cirko. A lokacin Ɗanmaliki ya iso, ya tura mutane baya, ya ja Kulu gefe. Dattijo ne mai son zaman lafiya fiye da komai. Ya rage murya ya ce, "Baiwar Allah, ki ce ba taki ba ce. Ki ce shigowa ta yi. A kashe ta, ni kuma in lallashi Babba, wataƙila magana ta mutu a nan."

Kulu ta goge baki. Ta so ta ce to, wallahi ta so, don ta hango iyaka a idonta. Amma abin da ubanta ya koya mata tun tana ƙarama shi ne, karen da ya haukace ba ya kai kwana goma a raye. In ya ciji mutum ba a kashe shi, ɗaure shi ake yi a zuba ido.

"Ranka shi daɗe, in an kashe ta, wa za shi gaya ma Sa'a ko za ta rayu? Duk ciwon kai ta ce shi ne. Duk sanda ta ɗauki moɗa hannunta na rawa, wata da watanni. In karyar ga ta kwana goma tana shan ruwa, Sa'a ta tsira, kowa ya gani. Tawa ce. A ba ni kwana goma."

Ɗanmaliki ya girgiza kai. Ya ce ba shi da ikon ba da kwana goma, sai dai kwana ɗaya, don Babba ya riga ya aika Kusada.

Washegari malamin dabbobi ya iso a kan keke, Malam Labaran, siririn mutum mai farar riga, ɗan doka na biye da shi. Ya leƙa ƙarƙashin rumbu, ya duba ƙafar Sa'a ya sa aka wanke da sabulu sosai, ya saurari Babba, ya saurari Kulu. Ya ce maganar kwana goma gaskiya ce, haka su ma aka koya musu. Amma ya gindaya nasa sharaɗin a gaban kowa. Karya ta zauna a ɗaure, daga ranar cizo a fara ƙirga. Rana ta goma zai dawo a ajiye mata ruwa a gaban jama'a. In ta sha, magana ta ƙare. In ta ƙi sha, ko ta mutu kafin nan ko da me ya kashe ta, ko ta ɓace, mahaukaciya ce a wurin hukuma, kuma Kulu ta ɓoye ta.

"Kin san abin da za shi biyo baya?" in ji Ɗanmaliki.

"Na sani, ranka shi daɗe."

To, ka ji inda tashin hankalin yake. Zaman Kulu a ƙasar nan ya rataya a wuyan dabbar da ko ba hauka, tari ɗaya zai iya ɗauke ta. Ta ɗaure ta a jikin turke ƙarƙashin inuwar rumbu. Ta daina zuwa kasuwa, ta daina zuwa rijiya, don matan sun ce kada gugarta ta taɓa ruwansu. Inno ce ke ajiye mata tulu da ƙwaryar nono a bakin danga ta wuce. Rana ta uku da safe Kulu ta tsinci tsokar nama a gindin danga, an jefo daga waje, ta yi wani kore-kore kamar an sa mata guba. Ba ta tambayi kowa ba. Ta haƙa rami mai zurfi ta binne, daga ranar kuma ba ta ƙara barin karyar ta kai baki ƙasa ba sai ta duba wurin.

Rana ta biyar Guntuwa ta daina cin abinci. Ta kwanta ta sa kai tsakanin ƙafafu, aka tura mata ƙanzo jiƙe da nono ta kau da kai. Ruwa ma sai ta lasa sau ɗaya ta bari. Kulu ta ajiye aikin da take yi. Ta zauna ta ƙura mata ido yini guda, tana duba ko muƙamuƙi ya saki, ko murya ta sauya, ko tana cizon iska. Ba ko ɗaya. Amma zuciya ba ta da tabbas, har ta fara tambayar kanta ko ita ce ta yi kuskure, ko wani kare ya ciji Guntuwa tun tana bayan mahauta ba ta sani ba. Daga can cikin unguwa ana jiyo kukan ɗiyar Sa'a, don an ce kada ta ba ta mama sai an ga abin da ya faru, ana ta ɗura mata nonon akuya tana ƙi.

Sai rana ta shida Kulu ta gane. Karyar da ta tashi a bola ba ta taɓa sanin turke ba, baƙin cikin ɗauri ne ke neman kashe ta. Kwancewa kuwa ba hali. Kulu ta kwance igiyar daga turke ta ɗaura a ƙugunta. Malam cewa ya yi a ɗaure, bai ce a jikin me ba. Ta tashi ta yi shara, karya na biye. Ta tace toka, karya na gefe. Suka yi ta zagaya gidan nan tare kamar jaki da mai shi. Da la'asar Guntuwa ta sa baki a kasko ta cinye ƙanzon tas. Masu leƙe ta danga suka kai labari cewa baƙuwa ta ɗaure kanta da mahaukaciyar karya, wasu suka ce ai ita ma ta kamu.

Rana ta goma, da rana tsaka, Malam Labaran ya jingine kekensa. Unguwa kaf ta fito, har mutanen Kaikai sun zo kallo. Ɗan doka ya tsaya da kulki, wani maharbi da aka ɗauko ya ɗana kibiya. Aka shimfiɗa wa Sa'a tabarma a gaba. Ta rame, idanunta sun faɗa, Babba na tsaye a kanta. Kulu ta fito da igiya a ƙugu, ta ajiye kasko a tsakiyar fili, Malam da kansa ya zuba ruwa ya ja da baya.

Guntuwa ta dubi ruwan, ta dubi mutane. Waɗannan ƙafafun ne suka yi ta harbinta tun tana ƙarama, waɗannan hannayen ne ke ɗaukar hoge. Ta noƙe, ta koma bayan Kulu ta lafe, jikinta na ɓari.

"Ta ƙi!" wani ya faɗa daga baya. "Ta ƙi ruwa!"

Sa'a ta saki wani ƙaramin kuka. Maharbi ya ɗaga baka.

"Allah shi gafarta malam, tsoro take ji," in ji Kulu. "A ce su juya baya, ko su matsa."

"In sun juya baya wa zai shaida?" Malam ya ce. Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ma gumi yake yi. "Zan ƙirga ɗari a zuciyata. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Kulu ta ja igiya a hankali, karyar ta turje. Ta kira sunanta, ta tsoma yatsa ta ɗiga mata a hanci, a banza. Ta duba fuskar Malam ta ga leɓensa na motsi. Shekara tara tana raba kaskon kare da kwanukanta, don a ce ko ba komai matar nan tana da tsabta, ta kuma san abin da za ta yi yanzu ba zai wanku a idon mutanen nan ba har abada. Ta durƙusa, ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta sa bakinta a kaskon karyar ta sha.

Aka ɗauki salati. Wata tsohuwa ta tofar da yawu. Kulu ba ta ɗago ba, ta ci gaba da sha a hankali. Sai ta ji igiya ta sassauta a ƙugunta. Wani hanci mai sanyi ya taɓa mata kunci. Guntuwa ta sa harshe a ruwan, ta lasa, ta ƙara, sannan ta shiga sha ba ji ba gani, har ana jin ƙarar harshenta a bayan taro. Ta shanye ta lashe kaskon. Malam ya ƙara zubawa, ta ƙara sha.

"Lahiya lau take," in ji Malam Labaran, ya juya wurin Babba. "Matarka ta tsira. A ba ta ɗiyarta."

Sa'a ba ta jira an miƙo mata ba. Ta fizgi yarinyar daga hannun surukarta, ta juya wa maza baya a nan kan tabarma ta ba ta mama, tana kuka yarinyar na tsotso. Babba ya tsaya ya rasa inda zai sa idonsa, daga baya ya sulale. Ɗan doka ya rataya kulkinsa. Ba wanda ya ce wa Kulu sannu, ita ma ba ta jira ba, ta ɗauki kaskonta suka koma gida.

Ba a kai ta iyaka ba. Ta ƙara shekara ashirin da biyu a unguwar nan, ta wanke karnukan da ba wanda ya ƙirga. Amma daga ranar ba a ƙara cin abincin hannunta ba. In ta je suna ko biki, moɗarta daban ake ajiyewa a gefe, ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. Abin yana yi mata ciwo ƙwarai, Inno kaɗai ta taɓa gaya wa. Sa'a kanta ba ta taɓa shiga gidanta ba, gaisuwar hanya ce kawai tsakaninsu, don Babba bai so.

Kulu ta rasu da damina, ba ta bar ɗa ba ta bar dangi. Mata suka taru a ƙofar ɗakinta aka kawo ruwa da likkafani, sai aka tsaya ana kallon juna, wannan na jiran waccan. Aka daɗe a haka, har liman ya aiko a ji ko an gama. Sai Sa'a ta ratso ta tsakiyarsu, kanta ya fara furfura a lokacin. Ta tuɓe mayafinta ta miƙa wa ta kusa da ita, ta ɗauki ƙwaryar ruwan.

"Ku matsa," ta ce. "Ni zan wanke ta."